Tsarin Fesa Mai a Motocin Gudu na Da: Baƙin Jininsa da Ainihin Aikinsa

Gabatarwa

Kusan duk wata sabuwar mota mai amfani da fetur da ake ƙerawa a yau tana aiki ne da tsarin fesa mai, wanda kanikawa suke kira injekta. Amma wannan na'ura da ta zama ruwan dare, ita ce dai wadda kanikawan Amurka da Ingila suka riƙa kwancewa daga jikin motoci masu tsada a shekarun 1960 da 1970, suna jefarwa bayan gareji, suna mayar da kafireta a gurbinta. A wancan zamani an yi mata shaidar cewa ba ta da tabbas, tana shan mai, tana mutuwa a kan hanya, kuma ba ta gyaruwa. Abin da za a duba a nan shi ne ko wannan shaida ta gaskiya ce, da kuma inda laifin yake idan akwai shi. Misalan za su fito ne daga motocin gudu, wato ƙananan motocin nan masu kujera biyu da ake ƙerawa domin sauri da jin daɗin tuƙi, domin a jikinsu aka fi gwada wannan fasaha tun tana jaririya.

Bambancin kafireta da injekta

Injin fetur ba ya ƙona mai zalla. Sai an gauraya man da iska, kuma gwargwadon da ya fi dacewa shi ne kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, idan aka auna da nauyi. Idan mai ya yi yawa, mota za ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya toshe. Idan ya yi kaɗan, inji zai yi zafi, ƙarfinsa ya ragu. Aikin kafireta shi ne yin wannan haɗi ta hanya mai sauƙi: iskar da inji yake zuƙa tana bi ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, sai ta janyo fetur daga wani ɗan ƙoƙo da ke gefe. Ke nan iska ce take jan mai. A tsarin fesa mai kuwa, famfo ne yake tura fetur da ƙarfi, wata na'ura ta auna adadin da ake buƙata, sannan a fesa shi ta wasu ƙananan kafofi da ake kira nozul, ko dai a bakin kowace silinda ko kuma a cikinta kai tsaye. Amfanin haka shi ne kowace silinda tana samun rabonta daidai, man yana tarwatsewa sosai, inji kuma ya ƙara ƙarfi ba tare da an ƙara girmansa ba.

Tun a Yaƙin Duniya na Biyu aka ga fifikon wannan tsari. Jiragen yaƙin Jamus masu fesa mai suna iya kifa kai ƙasa nan take injinsu bai yi gardama ba, alhali jiragen Ingila masu kafireta sukan yi tari su ɗauke na ɗan lokaci idan suka yi haka. Saboda haka da yaƙi ya ƙare, masu ƙera motoci sun san amfanin abin. Wahalar ita ce mayar da shi na'urar da za ta jure hannun direban da ba injiniya ba.

Mercedes-Benz 300 SL

A watan Fabrairu na shekarar 1954 aka nuna Mercedes-Benz 300 SL a birnin New York, motar nan mai ƙofofi da suke buɗewa sama kamar fukafukin tsuntsu. Kamfanin Bosch ne ya yi mata famfon da yake fesa fetur kai tsaye cikin silindoginta shida. Injin mai lita 3 ya ba da ƙarfin doki 215, alhali irinsa na motar tseren kamfanin ta 1952, mai kafireta, bai wuce kimanin 175 ba. An ƙera guda 1,400 masu irin wannan ƙofa daga 1954 zuwa 1957.

Sai dai kuma akwai wani aibi a tattare da tsarin. Famfon yana samun motsinsa ne daga juyawar injin kansa. Idan direba ya kashe makulli, wutar fulogi takan ɗauke nan take, amma inji yakan ɗan ƙara juyawa kafin ya tsaya cak, kuma a cikin wannan ɗan taƙin famfo yana ci gaba da fesa man da babu abin da zai ƙona shi. Wannan ɗanyen fetur yakan wanke maiƙon bangon silinda, ya tsiyaya ƙasa ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi. A wurin tsere wannan ba matsala ba ce, domin inji yana yin zafi sosai, fetur ɗin ya bi iska. Amma motar tana ɗaukar baƙin mai kimanin lita 10, ga kuma babbar na'urar sanyaya shi, don haka attajirin da yake ɗan zagaya gari da ita ba ya taɓa kai ta ga zafin da ake buƙata. Shi ya sa aka shawarci masu ita su riƙa yin juye bayan kowane kilomita 1,600. Abin lura shi ne wannan aibi bai ɓata wa motar suna ba. Masu sayenta masu hali ne, kamfanin yana da ƙwararrun da ya horar, kuma an faɗa wa mai mota abin da zai yi tun daga farko.

Corvette da kanikawan Amurka

Labarin ya sha bamban a Amurka. A shekarar 1957 kamfanin Chevrolet ya fitar da Corvette mai tsarin fesa mai na Rochester. Girman injin inci 283 ne a ma'aunin Amurkawa, wato kimanin lita 4.6, kuma ya ba da ƙarfin doki 283. Masu talla suka yi ta shelar cewa kowane inci ya haifi doki guda. Amma na'urar tana ƙara kimanin dala 484 a kan motar da farashinta ya ɗan haura dala 3,000, kuma daga cikin Corvette 6,339 da aka ƙera a shekarar, 1,040 ne kawai suka fito da ita.

Koke-koken da suka biyo baya ba ƙage ba ne. Motar takan yi wuyar tashi da sanyin safiya. Kafofin nozul ɗinta ƙanana ne ƙwarai, ƙura kaɗan ta isa ta toshe su. Famfon kuma wata 'yar siririyar waya ce mai juyawa take tafiyar da shi, idan ta tsinke mota ta mutu a inda take. Duk waɗannan abubuwa ne masu gyaruwa, amma sai ga wanda ya san su. Bakaniken da ya shekara ashirin yana saita kafireta da sukudireba da kunnensa, sai ga shi a gaban na'urar da ba ta saituwa sai da ma'auni da littafin umarni. Ya taɓa nan ya taɓa can, abin ya ƙara lalacewa, sai ya ce wa mai mota ai dama na'urar banza ce. Mai mota, wanda ba abin da yake so illa ya ga motarsa tana tafiya, sai ya amince a cire. Ta haka ne kowace na'ura da aka kasa saitawa ta zama sabuwar hujja a bakin jama'a. A shekarar 1965 kamfanin ya kawo babban inji mai kafireta wanda ya ba da ƙarfin doki 425, sama da 375 na mai fesa mai, kuma a kan kuɗi ƙasa da nasa. A wannan shekara mutum 771 kacal suka zaɓi mai fesa mai, daga nan aka daina yin sa.

Wani abin da ya ƙara dagula sunan fasahar a Amurka shi ne gwajin da kamfanin Bendix ya yi na sarrafa fesa mai da lantarki. A 1958 aka sanya shi a wasu 'yan motocin Chrysler da ba su wuce 'yan gomiya ba, kayan lantarkin suka kasa jure zafi da laima, aka maido da kusan dukkansu aka sa musu kafireta. A nan kam laifin na na'ura ne, domin tunanin ya riga kayan aikinsa zuwa duniya. Bosch ya karɓi wannan tunani ya inganta shi, ya fitar da D-Jetronic a 1967 a jikin Volkswagen 1600, kuma daga wannan reshe ne injektocin yau suka tsiro.

Triumph da tsarin Lucas

Babu inda baƙin jinin fesa mai ya yi kaurin suna kamar a jikin motocin Triumph na Ingila, kuma babu inda lamarin ya fi ban mamaki. Tsarin kamfanin Lucas ba baƙo ba ne a fagen tsere. Motar Jaguar da ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1957 da shi take aiki, haka ma yawancin motocin Formula 1 na ƙarshen shekarun 1960. Na'urar da ta yi dare da rana tana gudu ba ta gaza ba, ba za a ce mata marar aminci kai tsaye ba.

A 1967 aka sanya samfurinsa mai rahusa a Triumph TR5, sannan a TR6 daga 1969. Injin mai lita 2.5 ya ba da ƙarfin doki 150. Amurkawa ba su samu wannan ba, sai aka aika musu da TR250 mai kafireta biyu, wadda ƙarfinta bai kai haka ba ko kusa. Tsarin yana buƙatar matsin fetur da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau uku, kuma famfon da aka ɗora wa wannan nauyi an gina shi ne a kan irin motar lantarkin da take kaɗa waifa. An ajiye shi a cikin but, inda iska ba ta ratsawa. Idan rana ta take, ko aka daɗe a cunkoso, famfon yakan yi zafi, fetur ɗin da ke cikinsa ya zama tururi, matsi ya faɗi, mota ta mutu. Bayan ɗan lokaci idan ya huce sai ta tashi kamar ba abin da ya faru, wanda hakan ya fi komai ɓata wa mai mota rai, domin idan ya kai ta gareji lafiyarta ƙalau. Daga baya an riƙa naɗa wa famfon bututun da fetur mai sanyi yake bi domin ya rage masa zafi, masu motocin da yawa kuma suka musanya shi da famfon Bosch.

Wannan aibi na ƙira ne, babu musu. Amma akwai na biyu wanda aka ɗora wa tsarin bisa kuskure. Na'urar auna man tana gane buƙatar inji ne ta hanyar ƙarfin zuƙar da yake yi. Idan inji ya tsufa, ko bawul bai saitu ba, ko wata roba ta tsage iska tana shiga, zuƙar takan yi rauni, na'urar ta ɗauka cewa direba ya taka totur, sai ta ƙara mai. Mota ta kama hayaƙi da shan fetur. Bakanike ya tasar wa na'urar auna mai, alhali ita amsa kawai take bayarwa ga saƙon ƙarya da injin ya aiko mata. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga shi kuma dama Turawan Ingila sun daɗe suna yi wa kayan lantarkin Lucas ba'a, har suna yi wa kamfanin laƙabi da sarkin duhu, don haka duk abin da ya samu motar an riga an san wanda za a zarga. A tsakiyar shekarun 1970 Triumph ya watsar da tsarin.

Kusan haka ta faru da Alfa Romeo ta Italiya, wadda daga 1969 ta riƙa aika motocinta Amurka da famfon SPICA domin cika dokar hayaƙi. Famfon ya samo asali ne daga na injin dizal, ƙaƙƙarfa ne, amma waɗanda suka iya saita shi ba su da yawa, aka yi ta cire shi ana sa kafiretar Weber.

Yadda abin ya maimaitu a Nijeriya

Mai karatu a Nijeriya ba zai ji wannan labari baƙo ba. Peugeot 504 tana da samfuri mai fesa mai a Faransa, amma waɗanda aka saba da su a titunan ƙasar nan, musamman bayan buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, masu kafireta ne, kuma a kansu dubban kanikawa suka koyi sana'a. Da motocin da aka yi amfani da su a Turai suka kwararo a shekarun 1990 da farkon 2000, da yawansu masu injekta ne, sai mayar da mota kafireta ya zama sana'a mai zaman kanta a garejoji. Dalilan ba su bambanta da na Amurka ba: rashin kayan aunawa, ƙarancin kayan gyara, da gurɓataccen fetur mai toshe nozul. Wannan al'ada ta ja baya ne a lokacin da na'urar binciken mota ta kwamfuta ta yawaita, matasan kanikawa kuma suka iya karanta ta.

Su kuwa waɗancan tsofaffin motoci, hukuncin da ake yi musu ya juye. Mercedes-Benz 300 SL mai fukafukai tana haura dala miliyan 1 a kasuwar gwanjo. Corvette da take ɗauke da na'urarta ta Rochester ta asali ta fi 'yar'uwarta mai kafireta daraja nesa ba kusa ba, har masu tara motoci suna bin tsofaffin garejoji suna neman waɗanda aka jefar, suna duba lambar da ke jikinsu ko ta dace da shekarar motar. Masu Triumph da Alfa Romeo suna aika na'urorinsu ga 'yan ƙwararrun da suka rage, a sabunta su a saita su a kan teburin gwaji, kuma waɗanda aka yi wa haka sukan yi shekaru ba a taɓa su ba. Damuwar masu su a yanzu ta koma kan fetur na zamani, wanda a Turai da Amurka ake gauraya shi da sinadarin itanol, domin yana cin tsofaffin robobin da ba a yi su dominsa ba, sai an musanya su da sababbi masu jure shi.