Karas Ba Albasa Ba Ne



Mu a nan Malanville albasa muka sani. Duk yaron da ya tashi a bakin Kwara ya ga yadda ake zuba iri, a yi renonsa, a cire a dasa. To da wannan sanin ne wasu ke shiga noman karas a lambun gida, su sha wahalar ban ruwa wata uku, ranar cira su tarar da 'yan saiwoyi karkatattu. Karas ba ya son dashe. Abin da muke ci saiwarsa ce guda ɗaya mai nutsawa ƙasa, in aka tumɓuke ta tana ƙarama ta lanƙwashe, shi ke nan, sai ta fito da ƙafa biyu ko uku. Inda aka zuba iri, nan zai zauna har ya nuna.

Saboda haka aikin yana ga ƙasa. A kafta ta zurfin santimita 30, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da fasassun kwalabe, waɗanda ba sa ƙarewa a bayan gidajenmu. Ƙasa mai rairayi ta fi laka. Taki kuma sai wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin awaki, ko da yana nan kyauta a garke, shi ma yana sa saiwa ta yi rassa.

Lokaci: hunturu. A shuka daga Nuwamba zuwa Disamba, don a cire kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da garinmu kan haura digiri 40. Masu sayar da iri sukan kawo Nantes, mai sunan wani gari a Faransa, da Kuroda na Japan. A ganinmu Kuroda ya fi dacewa da nan, don ya fi jure zafi.

Irin ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da busasshen rairayi kafin a zuba a layi. Zurfi santimita 1 kawai, tsakanin layi da layi santimita 20. A rufe da ciyawa busasshiya, a riƙa yayyafi safe da yamma da gwangwani mai huji-huji, ba kwarara da bokiti ba. Nan ake son haƙuri, don yakan kai mako 2, wani lokaci 3, bai tsiro ba. In ya leƙo sai a janye ciyawar. Kaji kuwa, in babu shinge, kun san sauran.

Abin da ya fi yi wa mutane wuya shi ne rage tsiro. Ai da tausayi a ce ka cire abin da ka shayar. Amma dole a bar wajen yatsu 3 tsakanin kowane biyu, in ba haka ba duk su tsaya siraran banza.

Karas ba baƙo ba ne a littattafan Larabci. Sunansa jazar, kuma Ibnul Awwam na Andalus ya yi bayaninsa a Kitabul Filaha tun ƙarni na 12. Jiki yana samun bitamin A daga gare shi, wanda rashinsa ke kawo dundumi, shi ya sa muke son ƙannenmu su same shi a gida.

Bayan kamar kwana 90 sai a tona guda ɗaya a duba kaurinsa. A jiƙa ƙasa kafin cira don kada ya karye, ganyen kuma a zuba wa awaki.