Tada Tsohuwar Fijo

Shirinmu na yau a gareji za mu yi shi, don haka mai farar riga ya naɗe hannunta.

A Amurka akwai masu wata sha'awa mai cin kuɗi. Mutum zai nemo motar shekarun 1960 da ta ruɓe a bayan gida, ya kwance ta kaf, ya mayar da ita sabuwa fil. Waɗanda aka fi rububi su ne masu ƙaton inji mai silinda 8, irin su Pontiac GTO ta 1964 da Dodge Charger. Motoci ne na gudu da ruri da zuƙar mai, kuma tsadar man da ta zo a 1973 tana cikin abin da ya karya kasuwarsu.

Mu nan ƙasar Malumfashi da Funtuwa ba waɗannan muka gada ba. Fijo muka gada, musamman 504.

A 1968 ta fito a Faransa, shekarar da ta biyo aka zaɓe ta motar shekara ta Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari a Kenya, kuma a wannan shekarar kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ba ta saki 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta alhazai. Wagon ɗinta ya kwashi fasinja daga Malumfashi zuwa Kano ta Dayi da Gwarzo, a-kori-kurarta kuwa ta sha lodin auduga zuwa gidan gurza, da masarar Bakori da Dandume, da kwandunan tumatirin Danja.

To a nan aikinmu ya rabu da na Ba'amurke. Shi sau da yawa motar da aka jingine ta yi barci yake samu. Tamu ba ta taɓa hutawa ba. Duk direban da ya riƙe ta ya bar mata tasa dabarar: fis ya ƙone an haɗe da guntun waya, tanki ya huje an ɗora jarka da tiyo, an ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki buhun da ba a ƙera ta dominsa ba, ƙofa ta ƙi rufuwa an ɗana mata sakatar ɗaki. Wanda zai tada tsohuwar Fijo a garin nan, rabin aikinsa warware waɗannan dabaru ne ɗaya bayan ɗaya, kafin ma ya ga motar da ta fito daga Kakuri.

Matasa kan fara da mai fenti. Kuskure ne. A fara da takardu, a duba lambar shasi ta dace da abin da ke rubuce, kada a gama kashe kuɗi mai mota ya bayyana. Daga nan a ɗauki mayen ƙarfe a bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa, foti ne aka lafta a kan tsatsa. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa ƙarƙashin batir da cikin but, nan ruwan damina ke kwana. Tsatsa ba a shafe ta, yanke wurin ake yi mai walda ya sa sabon ƙarfe.

Inji shi ne mai sauƙin, ko da yake an fi jin tsoronsa. Silinda 4 ne, bai kai lita 2 cif ba, kafireta ke ba shi mai, babu kwamfutar da za a jona. Ringi da fistin da gasket ana samunsu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ke sa mutum yawo ƙananan kaya ne: tambarin zakin nan na gaba, gilashin fitila na asali, robar ƙofa, agogon dashbod. Shi ya sa masu wayo kan sayi gawar wata Fijon su ajiye, suna cira.

Sai batun kwalliya, inda ake musu. Wani zai cire injinta ya dasa na Toyota ɗan Kwatano, wai ya fi tsimin mai. Gaskiyarsa ta aljihu ce, amma a ganina ya tashi daga mai Fijo. Wani kuma zai yanke sifirin ta kwanta ƙasa kamar yadda ya gani a waya. Malam, tsayin nan da laushin shokozoba su ne suka sa ta yi suna a Afirka. Ka shiga da kwantacciyar mota hanyar ƙauyen Kafur a watan Agusta, ka zo ka ba mu labari. Sabuwar waya gaba ɗaya, birki mai kyau, na'urar sanyi, kujerun da badukun Kano ya lulluɓe da jar fata, waɗannan ban ga laifinsu ba. Baƙin gilashi dai sai da izinin 'yan sanda.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ba wanda zai ce maka motar zirga-zirgar kullum ce. Ta Juma'a ce da Salla da ɗaurin aure.

Kuma a nemi tsohon bakanike tun yana da ƙarfin sunkuyawa. Yaran gareji na yanzu da na'urar gwaji suka tashi, kaɗan ne cikinsu suka taɓa saita kafireta da kunne. Ka je da goronka ka durƙusa, ka ce, "Baba, ga 'yarku na kawo a duba." Zai ce, "Tada ta mu ji, ɗana." Kada ka tafi ka bar masa mota. Ja benci ka zauna, ka riƙa miƙa masa sifana, ka ga notin da yake murɗawa da inda yake tsayawa.