Katantanwar Teku a Ƙasar Sakkwato

Ɗalibin Zuru ba zai tsinci katantanwar teku a duwatsun yankinsu ba, domin sun girmi irin wannan halitta nesa ba kusa ba. Amma a Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda ake haƙar dutsen siminti, akan tono wadda ta rikiɗe ta zama dutse. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka shige, teku ne ya malale wurin.

To, yaya masana ke tantance jinsinta? Sukan ƙirga murɗinta, su auna tsininta, su duba siffar bakinta, kana su kwatanta da waɗanda aka riga aka laƙaba wa suna. Sai dai sau da yawa ɓawon ya narke, lakar cikinsa kaɗai ta saura. Kuskuren suna kuwa yakan haddasa kuskure wajen ƙiyasta shekarun dutsen kansa.