Tsarabar Ƙurɗuba: abin da ya cancanci shiga jakar ɗan Tarka

A ƙasar Tarka, kafin matafiyi ya gama kakkaɓe ƙurar hanya ya riga ya ji tambayar da aka saba: "Sannu da zuwa, ina tsaraba?" Wanda ya fito Kano an san kayansa, turmin zane da turare. Alhaji kuwa dabino da zamzam da tasbaha. Amma a zamanin nan akan sami ma'aikaci ko ɗalibi daga Belbeji ko Tanut wanda aka tura ƙasar Ispaniya taro ko ƙaro ilimi. Shi ba shi da magabacin da zai bi sawunsa. Guzurinsa kaɗan ne, masu jira kuwa gari guda.

Lissafi ne farkon aiki. Yuro ɗaya ya yi kusan tamma 656 na sefa, wato dala 131. Ɗan abin wasan da aka rubuta wa yuro 10 ya haura jika shida da rabi ke nan, kuɗin da a kasuwar Belbeji zai auno tiyoyin hatsi masu dama. Ga shi kuma tarkacen da ake jerawa a ƙofar kantunan ƴan yawon buɗe ido, da yawansu daga masana'antun Asiya suka fito, irinsu na nan jibge a kasuwar Dole ta Damagaram. Sai a juya kaya a karanta inda aka yi su kafin a biya.

Wanda Allah ya kai shi birnin Ƙurɗuba, a yankin Andalus, ya faɗa garin da malaman Damargu suka san sunansa tun ba su san inda yake ba. Daga can Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri ya fito, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1273. A can ne kuma aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya. Babban masallacin garin, wanda Abdurrahman na Farko ya aza harsashinsa wajen shekarar 785, yana nan tsaye da ginshiƙai fiye da 800, ko da yake ya koma majami'a tun 1236.

A lungunan da ke kewaye da shi ne dukawan garin ke baje kolinsu, kuma a nan ya kamata ɗan Tarka ya tsaya ya natsu. Aikin fata iri biyu ne ya yi wa Ƙurɗuba suna. Akwai "cordobán", jemammiyar fatar akuya mai laushi da ƙarko, ta takalma da jakunkuna. Akwai kuma "guadamecí", fatar tunkiya da ake shimfiɗa wa azurfa a yi mata zane da launuka. Masana harshe da dama sun ce sunan na biyun daga Gadamas ya samo asali, garin nan na Libiya. To, Gadamas ba baƙuwa ba ce a Damargu. Fatakenta sun daɗe suna ratsa ƙasar da ayarin raƙuma, daga Gat da Agadas zuwa Damagaram da Kano, suna sayen hatsi a ƙauyuka. Ta wannan hanya Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo a watan Janairu na 1851. Ta ita kuma fatun jajayen awakin ƙasar Hausa suka riƙa haye Sahara, har Turawa suka laƙaba musu sunan fatar Maroko. Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 shi ya ƙarasa karya ayarin.

Saboda haka ɗan alabe ko kuben littafi na fatar Ƙurɗuba kyauta ce da dattijon Tarka zai juya a hannu, ya shinshina, ya duba ɗinki, ya gwada ta da aikin Buzaye. Ba ta fashewa a hanya, ba ta da nauyi. Mutumin da ya tashi cikin makiyaya ba a yi masa wayo da roba a ce fata ce, hancinsa ya ishe shi.

Azurfar garin ma ta shahara, wadda ake murɗawa siririya kamar zare. Ta ƙwarai tana ɗauke da lamba 925. Sai dai kai azurfa ƙasar da maƙeran Abzin ke ƙera tasu ba abin gaggawa ba ne. Ɗan kunne ɗaya na uwargida ya wadatar.

Man zaitun ya fi ta amfani. Ispaniya ce kan gaba a duniya wajen tatsarsa, kuma lardin Ƙurɗuba na cikin manyan masu nomansa. A zaɓi na gwangwani, a sa shi cikin babbar jaka, a tuna cewa yawancin jirage kilo 23 suke yarda wa kowace jaka. Daga Yamai zuwa Damagaram tafiyar kilomita kusan 900 ce, sannan a miƙa arewa, a ƙare da hanyar burji. Kwalba ba ta jure wannan, cakulan kuma ya narke tun kafin Dogon Dutsi.

Wajen kayan zaƙi akwai tarko. Wasu biskit na Andalus, irin su "mantecados" da "polvorones", bisa al'ada da kitsen alade ake kwaɓa su. In an ga kalmar "cerdo" ko "manteca" a jikin kwali, a mayar da shi inda aka ɗauko. Alewar "turrón" mai tauri, ta zuma da ƴaƴan lauz, ita ce ta fi dacewa da yaran gida, don tana gutsuruwa ta ishi kowa.

Takubban Toledo kan ja hankalin duk wanda ya san darajar takobi a wurin Buzu, amma yawancinsu na ado ne, kuma wahalarsu a hannun duwan da shingayen jami'an tsaro ta fi su tsada. Samari za su roƙi rigar Real Madrid ko Barcelona. Ta asali takan kai yuro 100, fiye da jika 65.

Saura malamin unguwa. Katin hoton ginshiƙan masallacin nan ba ya wuce kuɗin shayi a can, kuma yana shiga tsakanin shafukan littafi. Malamin da ya shekara talatin yana ambaton Ƙurɗubi a zaurensa zai ga garin da idonsa, ya miƙa wa almajirai su ma su gani.