Bincike Don Ƙarin Girma, Ko Don Magance Matsala?

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digiri ya san shafin da ake jera manufofin bincike: za a rage mutuwar mata wajen haihuwa, za a gano abin da ke jefa matasa cikin damuwa, za a ƙirƙiro manhajar da za ta taimaki likita. Sai dai akwai wata manufar da ba a rubutawa, wadda a shekarun nan ta danne sauran, wato a samu takarda ta fito a mujalla ko ta halin ƙaƙa.

Tushen abin a fili yake. Jami'o'i, daga Amurka har Zariya, takardun malami suke ƙirgawa kafin su ƙara masa girma. Ƙirgen yana da hujjarsa, domin ya fi a bar makomar mutum a hannun shugaban sashe da 'yan gaban goshinsa. Amma mujallu sun fi son sakamako mai ɗaukar hankali, don haka wanda ya gwada magani ya ga bai yi aiki ba yakan kulle bincikensa a durowa, alhali likitoci na buƙatar wannan labarin.

Masana halayyar ɗan Adam na cikin waɗanda suka fara tona wa kansu asiri, kuma sun cancanci yabo. A 2015 wata tawaga ta maimaita gwaje-gwaje 100 da manyan mujallun fannin suka buga. A bugun farko 97 sun ce sun gano wani abu. Da aka sake, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka tsaya da ƙafarsu. Fasaha ma ba ta tsira ba. Lokacin korona an yi ta rige-rigen ƙera manhajojin gano cutar daga hoton ƙirji, amma da masana a Jami'ar Kambirij suka tace fiye da takardu 2,000 a 2021, suka zaɓi 62 suka yi musu duban tsanaki, ba su sami ko ɗaya da ta isa a yi aiki da ita a asibiti ba. A 2023 kaɗai an janye takardun bincike sama da 10,000 a duniya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗi da lokacin da suka tafi, a daidai sa'ar da marasa lafiya ke jira.

Tarihin sanƙarau ya nuna yadda abu ke kasancewa idan buƙata ce ta tsara manufa. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma arewacin Nijeriya da Nijar sun ɗanɗana kuɗarsu. A shekarar ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, gwajin da ya ƙare a kotu, ya bar tabon rashin yarda da har yau ma'aikatan rigakafi ke fama da shi. Aikin samar da allurar rigakafin cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka soma a 2001 ya bi wata hanyar dabam. Sai da aka tambayi jami'an lafiyar ƙasashen nawa za su iya biya, suka ce kada allura ɗaya ta wuce rabin dala. A kan wannan farashin aka ɗora duk binciken, kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa allurar MenAfriVac, aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. Cikin 'yan shekaru nau'in A na sanƙarau ya kusan ɓacewa a yankin. Da nau'in C ya ɓulla a Nijar a 2015 da Zamfara a 2017, an ci gaba da aiki har aka samo allura mai kare nau'i biyar, wadda Nijeriya ta riga kowa fara amfani da ita a 2024.

Akwai gyaran da wasu mujallu suka rungumo tun 2013: mai bincike ya miƙa tambayarsa da tsarinsa kafin ya tara bayanai, in sun gamsar a yi masa alkawarin bugawa ko me sakamakon ya nuna. Dabara ce mai kyau, amma ba za ta yi nisa a jami'o'inmu ba muddin kwamitin ƙarin girma bai fara tambayar malami wace matsala bincikensa ya taɓa ba.