Ko Ka Sani? Kwamfuta Na Tashi Ko Babu Faifan Ajiya A Cikinta

Ko ka san cewa kwamfutar da faifan ajiyarta ya mutu tana iya tashi ta yi aiki lafiya lau? Abin da take buƙata kawai shi ne waya da za ta haɗa ta da wata babbar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira saba.

Duk wanda ya zauna jarrabawar JAMB tun daga 2015, shekarar da aka koma rubuta ta a kwamfuta zalla, ya ga rabin wannan dabara: tambayoyi na fitowa daga saba ɗaya zuwa kowane teburi. Sauran rabin shi ne a ce hatta babbar manhajar da ke tayar da kwamfutar daga can za ta zo.

Da zarar an kunna ta, wani ɗan ƙaramin shiri da ke manne a allon cikinta zai yi cigiya ta waya: wa zai ba ni adireshi? Saba ta amsa, ta ba ta lamba, ta faɗa mata sunan fayil ɗin da za ta ɗauko. Sai ta jawo shi ta zuba a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, shi kuma ya jawo sauran. Kamar gidan gandu ne, tukunya ɗaya, kowa ya miƙo kwanonsa. Idan aka kashe kwamfutar, komai ya goge, har da ƙwayar cutar da wani yaro ya shigo da ita a filashi.

Dabarar ta daɗe. A 1985 aka fitar da ƙa'idar BOOTP ta tayar da kwamfuta daga saba, sannan kamfanin Intel ya kawo irinta mai suna PXE a ƙarshen shekarun 1990. Shi ya sa yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur da ake shigowa da su sun iya wannan, ana dai kunna shi ne a saitinsu.

Raunin dabarar a fili yake: in saba ta tsaya, ɗakin kwamfutocin duka ya tsaya. Dole a tanadar mata batir ko sola, a kuma kare ta daga ƙurar hunturu da zafin bazara.

Duk da haka, gyaran na'ura ɗaya ya fi gyaran talatin sauƙi. Malam shugaban makaranta, kafin ka sa a kwashe kwamfutocin da aka jibge a sito, kira mai gyara ya duba ko faifan ne kaɗai ya lalace.