Matsalar Lokaci Wajen Mayar da Zance Kai-tsaye Zuwa Zancen Rahoto a Ingilishi

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da kan faru ga aikatau idan aka ruwaito maganar wani a Ingilishi. Sauyin wakilin suna da na bayanau, kamar yadda "tomorrow" kan koma "the next day", ba ya wahalar da ɗalibi, domin Hausa ma takan yi irinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci.

Idan aikatau mai gabatar da zance yana cikin shuɗaɗɗen lokaci, to aikatau na cikin zancen yakan ja da baya taki ɗaya. Quirk da abokan aikinsa, a nahawunsu na 1985, sun kira wannan "backshift". Ke nan "I am ill" sai ta koma "He said he was ill", "will" ta koma "would", "I saw" kuwa ta koma "he had seen". Amma "should" da "might" ba su da inda za su ja, sai su tsaya yadda suke.

Hausa ba ta san wannan ja da baya ba. Wanda ya ce "Ina zuwa", in aka ruwaito shi sai a ce "Ya ce yana zuwa", lamirin lokaci mai ci bai gusa ba. Wannan ne ya sa ɗalibi Bahaushe kan rubuta "He said he is coming", malami kuwa ya soke da jan biro.

Sai dai a ganinmu sokewar ba kullum take daidai ba. Muddin abin da aka faɗa yana nan bai sauya ba a lokacin ruwaitowa, Ingilishi ya yarda a bar aikatau yadda yake, kamar a "She said Abuja is the capital". Haƙiƙa zaɓin yana ɗauke da ma'ana: mai barin "is" ya nuna ya gaskata zancen, mai cewa "was" kuwa yana iya zame jikinsa, kusan aikin da "wai" ke yi a Hausa.

Akwai kuma harshen damo. Jimlar "He said he was ill" tana iya fitowa daga "I am ill" ko "I was ill", tun da ba dole ne shuɗaɗɗen lokaci ya ƙara ja baya ba. Tafinta a gaban alƙali tilas ya zaɓi ɗaya, ko "ya ce ba shi da lafiya" ko "ya ce ya yi rashin lafiya", alhali jimlar Ingilishin ba ta bambance su ba.